Matar da Aka Zana a Sume

Hoton nan da ke rataye a falon gidanmu na sabon Zongo, wanda ku da kanku kuka kai aka sa masa gilashi, ƙarya ne. Na daɗe ina son in faɗa muku haka, 'ya'yana, alkawari ne ya ɗaure mini baki. Yanzu kuwa wanda aka yi alkawarin dominsa yana ƙasa, Allah ya ji ƙansa. Wadda ta tunzura ni na ɗauki alƙalami jikata ce, Nafisa. Kwanan baya ta zo hutu da wata ƙawarta, suna kallon fim a waya, irin na ƙattin nan masu tashi sama da ƙyalle a baya. Sai ta nuna bango ta ce da ƙawar, da Faransancinsu na 'yan yanzu, wai su ma a gidansu akwai irinsu, ga kakan babanta can yana tsalle daga cikin wuta. Ƙawar ta tambaya wace ce matar da ya saɓo a kafaɗa. Nafisa ta ce wata mata ce kawai. Ina zaune ina gyaran wake, na tashi na shiga ɗaki.

Ni ma na yi zamanin son irin waɗannan labarai, kada ku ga tsufana ku ɗauka da carbi aka haife ni. Lokacin muna tsohon Zongo, cikin gari, ina budurwa ina zuwa lekol, wato makarantar boko. Akwai wani mutum a unguwar Hanoukopé mai shimfiɗa tsofaffin littattafan zane a ƙasa, waɗanda Turawa suka gama karantawa suka zubar. In an tashi daga lekol can nake tsugunawa har ƙafata ta yi sanyi. Maza ne a ciki masu ƙirji kamar randa, da matsattsun tufafin da ko ɗan dambe zai ji kunyar sawa, suna ɗaga mota da hannu ɗaya, harsashi na dukansu yana faɗuwa ƙasa. Matan kuwa aikinsu uku ne: su yi kururuwa, su sume, a ɗauke su. In ka ga an zana wata mai ƙarfi, to ko muguwa ce, ko kuma an rage mata tufafi har ba ka iya buɗe shafin a gaban babba. Ban taɓa jin haushin abin ba a lokacin. Daɗi nake ji, har ina raya wa zuciyata ni ce ake saɓawa a kafaɗa ana tashi da ni sama da rufin kwanon Zongo.

Mahaifiyata, wadda mu a Zongo muke kira Mma, kitso take yi. Ku ba ku san ta da yatsu ba, don haka ba za ku gane ba. Hannunta yana da sauri da laushi, har yarinya takan yi barci a cinyarta ana yi mata kitso. Matan ƙabilar Mina masu sayar da atamfa a babbar kasuwa, waɗanda ba sa shiga Zongo don komai, sukan tako har tsakar gidanmu su zauna a tabarma saboda ita. Ba doguwa ba ce, ba ta da jiki, kuma tsoron kyankyaso take yi. Baba kuwa goro yake sayarwa, mutum ne mai sanyi, mai gudun magana, wanda in dattawa suka ce masa zauna ba ya tambayar a ina.

Gidan da ke jikin namu na wani direba ne Bazabarme, matarsa tana sayar da kananzir a kwalabe. Ɗakunanmu duka katako ne da kwano, a matse. Wata ranar hutu da hantsi matar ta tafi famfo ɗiban ruwa, ta ja ƙofa ta bar 'yarta Rabi, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, tana barci, ga murhu da sauran garwashi kusa da kwalaben. Mma na tsakiyar yi wa wata mata kitso, ni ina miƙa mata man shafawa, muka ji wani abu ya fashe. Kafin mu fita hayaƙi ya turnuƙe lungun. Maza sun cika wurin, teloli da mahauta da masu wanki, kowa na salati, kowa na ba da umarni, ana miƙa bokiti daga nesa. Ana jin kukan yarinyar a ciki. Babu wanda ya matsa, kuma ban zarge su ba, don zafin yana dukan fuska tun daga bakin lungu.

Ina kallo Mma ta kwance zaninta, ta tsoma shi cikin duron ruwan masu wanki, ta yafa a kai ta nufi ƙofar. Ƙofar kwano ce, ta yi ja. Da hannu biyu ta kama ta fizge. Na ji ƙarar da hannun ya yi, ƙarar da har yau in ana suyar nama ba na iya tsayawa kusa. Ta shige. Ban san iya daɗewar da ta yi ba. Da ta fito, jiƙaƙƙen zanin ba ya jikinta, ta naɗe yarinyar da shi tun daga kai har ƙafa ta rungume a ƙirji. Ita daga ita sai ɗan fatari, kai babu ɗankwali, bayanta na hayaƙi. Ta ajiye Rabi a ƙasa a hankali, sannan ta durƙusa. Maganar farko da na ji daga bakin namiji a wurin ba ta neman ruwa ko mota ba ce.

"Ku rufe ta! Subhanallahi, matar aure ce, ku rufe ta!"

Wani ya jefa mata buhun gawayi a kan ƙunar. Baba yana kasuwa, sai da aka aika aka kira shi. Ya iso wuta ta riga ta cinye ɗakuna ta mutu don kanta. Abin da ya yi a ranar, kuma ina shaida ya yi shi da hawaye, shi ne ya ɗauke ta ya kai ta bakin titi inda mota ke jira.

Ta daɗe a asibiti. Da ta dawo, yatsunta sun manne sun lanƙwashe ciki, ko cokali ba ta iya riƙewa. Baba ne ke ba ta abinci a baki, amma sai ya rufe ƙofa tukuna, kada a gani. A lokacin nan kuma raɗe-raɗi ya cika unguwa cewa za a tashi Zongo, wai mun yi datti a tsakiyar birni. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, kowa ɗan jam'iyya ne ko yana so ko ba ya so, mata na ɗinka atamfa iri ɗaya a kwashe su rawa a bakin hanya in manya za su wuce. Sai ga wani ɗan jam'iyya, wanda kowa ke kira Kamarad, ya zo wajen dattawanmu da albishir. Ana buga ƙananan littattafan zane da za a raba wa 'yan makaranta, na jaruman ƙasa, kuma labarin gobarar Zongo ya kai kunnen manya. Dattawa suka ga kamar Allah ne ya kawo mafita, don a ganinsu ba a rushe unguwar da jarumin ƙasa ya fito. A zaurenmu suka zauna, ni na kai musu ruwa na maƙale a bayan labule.

"Malam," in ji babban cikinsu, yana magana da Baba, "iyalinka ta yi abin kirki, Allah ya saka mata. Amma ka san a yadda ta fito. Za ka yarda a zana matarka haka, a raba wa yaran gari suna nunawa?"

"A'a, Alhaji."

"To ko an sa mata zani a zanen, ai sai a tambaya mazan Zongo suna ina mace ta shiga wuta. Mu da muke neman a ga darajarmu."

Kamarad ya yi dariya ya ce shi ma dama bai zo neman mace ba. Ya ce ai maigida shi ne gida, abin da aka yi a gidansa shi ya yi. Baba ya sunkuyar da kai yana murza goro a hannu.

"Yadda kuka gani, Alhaji," ya ce.

Ni kuwa jinina ya tafasa. Na bincika na ji mai zanen yana unguwar Nyékonakpoè, wani mutum mai suna Kosi, a bayan wani shagon buga takardu. Na tsallake lekol na tafi da rigar makaranta a jikina. Mutumin kirki ne a fuska, siriri mai tabarau, har kujera ya ba ni. Ya nuna mini aikin da alfahari. Ga Baba, wanda iska mai ƙarfi kan iya tuntsurar da shi, an yi masa ƙirji da damatsa, babbar rigarsa ta buɗe a baya kamar fukafukai, alamar jam'iyya na walƙiya a ƙirjinsa, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Jaririya a hannu ɗaya. A kafaɗarsa kuma ga mace a sume, da zaninta daram, da ɗankwali, hannunta na lilo. Ya zana mata dogayen yatsu masu kyau, har da lalle. Na ce masa da Faransancin da nake da shi, ba haka aka yi ba, matar nan ita ta shiga, ina wurin.

"Na sani, 'yata," ya ce. "Kowa ya sani."

"To don me?"

Ya jawo tarin littattafan Turawan nan, irin waɗanda nake tsugunawa ina karantawa a Hanoukopé, ya baza mini a tebur.

"Duba da kyau. Nuna mini inda mace ta ɗauko wani. A nan na koyi aikin, kuma waɗannan yara suka saba gani. In na zana ƙaramar mace ta fito daga wuta za su ce wasa ne. Ai na kyauta mata, na sa ta a ciki. Cewa aka yi in cire ta gaba ɗaya."

Na duba ɗin kuwa, shafi bayan shafi, ina neman wadda zan kafa masa hujja da ita. Ban samu ba. Tun daga ranar ban sake taɓa irin littattafan nan ba.

Na dawo gida ina huci na sami Mma a ɗaki, hannuwanta a kan cinya an shafa musu man kaɗanya. Na ce ranar da za a yi bikin ba da lambar zan tashi a gaban kowa in faɗi gaskiya, in sun ga dama su kulle ni. Sai ta ce,

"Zulai, zo ki sosa mini bayan kunne."

Na sosa mata. Ta ce,

"In kin faɗa, wa kika kunyata? Kamarad zai koma gidansa ya ci tuwonsa. Ubanki ne zai kasa fita masallaci. Kuma kin san inda ake kai masu ƙaryata manya a garin nan, kin san ba kowa ke dawowa ba."

"Mma, hannunki fa? Shi ke nan ya tafi a banza?"

"Yarinyar tana da rai ko ba ta da rai?"

"Tana da rai."

"To bai tafi a banza ba. Ki yi mini alkawari, muddin ubanki na numfashi bakinki ba zai furta maganar nan ba."

Na yi kuka, na yi gardama, na ce ba adalci. Ta ce ita ba ta tambaye ni adalci ba, alkawari ta tambaye ni. Na ɗaukar mata. Ban taɓa yarda da ita a zuciyata ba, kuma har gobe ina ganin an cuce ta, amma uwa ce ta roƙa da hannun da ba ya iya share mata hawaye.

Aka yi biki, aka yi kiɗa, mata suka yi rawa da atamfa iri ɗaya, aka maƙala wa Baba lamba a riga. Ya tsaya a gaban jama'a kamar wanda ake karanta wa hukunci. Mma ba ta je ba. A littafin an rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe, ita kuma a ƙarƙashin hotonta an sa kalma biyu na Faransanci, ma'anarsu wata mata. Duk da haka ba a fasa abin da aka shirya ba. Ba a daɗe ba aka zo da katafila aka baje Zongo, masallacin lungunmu da zaurenmu da wurin da gobarar ta ci, duk aka mai da su fili ɗaya. Aka watsa mu can hanyar arewa, bayan gari, cikin ciyawa da sauro. Abin da littafin ya saya mana kawai shi ne Baba ya sami fili a bakin hanya, a matsayinsa na jarumi. Filin nan ne kuka girma a kai, ɗakunan nan da kuke rabon gadonsu yanzu. Ina so ku san da me aka biya shi.

Rushewar nan ita ta binne gaskiyar. Waɗanda suka gani da idonsu suka tarwatse, wasu Ankara, wasu Kwatano, wasu suka koma arewa, tsofaffi suka mutu da baƙin cikin gidajensu. Uwar Rabi, wadda takan zo ta durƙusa a gaban Mma ta yi ta kuka, ta rasu wajen haihuwa bayan ƙaura. Littafin kuwa ba ya ƙaura, ba ya mutuwa. Rabi ta tashi a hannun dangin ubanta, a lekol ta ga kanta a shafi, aka ce mata ga wanda ya cece ki. Kowace Salla sai ta zo da tuwo da kaza ta durƙusa a gaban Baba. Da ta yi aure ta haifi namiji, sunan Baba ta sa masa. Mma ce ke kawo mata ruwa, ta tallabo kofin da tafukan hannu biyu. Wata rana ina zaune Rabi ta ce,

"Mma, ni kuwa me ya sami hannunki haka?"

"Mai ne, 'yata. Wajen suya."

"Ayya, sannu. Ai mu mata sai a hankali da wuta."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Da farko in an yabe shi sai ya tashi ya bar wurin. Daga baya ya fara yin shiru yana murmushi. Da tsufa ya kama shi sai ya fara ba da labarin da bakinsa, ku ma kun sha ji, yadda ƙofar ta yi ja, yadda hayaƙi ya shaƙe shi, yadda ya lalubo yarinyar a ƙarƙashin gado. Duk daga bakin Mma ya ji su, lokacin da yake ba ta abinci a bayan ƙofa. Ban ce da gangan yake ƙarya ba. Ina jin ya kalli hoton nan ne shekara da shekaru har ya shige shi. Yana faɗa, ita tana gefe tana tura tsintsiya da gefen hannu, ba ta ko ɗaga kai. Matar da manyan 'yan kasuwa ke layi a gabanta ta ƙare tana jiran a ɗaura mata zani.

Ita ta riga shi tafiya. Kun tuna ranar, kuna waje tare da maza. Abin da ba ku gani ba shi ne wajen wanka. Ni ce na yi mata, da wata tsohuwa, Rabi kuma ta roƙa a bar ta ta riƙa zuba ruwa, don ta ce Mma uwa ce a gare ta. Da muka juya ta, bayanta ya bayyana. Rabi ba ta taɓa gani ba, babu wanda ya taɓa gani sai ni da Baba. Tun daga wuya har ƙugu fata ce a tattare, fari da baƙi, da dogon tabo a gicciye inda katakon rufi ya faɗo mata. Ruwan ya tsaya. Na ɗaga kai na ga Rabi ta ƙura ido, da butar a hannunta.

"Yaya Zulai, wannan ba ƙunar mai ba ce."

Na ci gaba da wankan, ta sake cewa,

"Mai ba ya zuba a baya. Yaya, don girman Allah, wa ya shiga ɗakin nan?"

Ta taga ina jin muryar Baba yana amsa gaisuwa, wani yana ce masa Allah da ya ba ka zuciyar shiga wuta zai ba ka haƙurin wannan. Baba yana numfashi, alkawari yana nan. Na dubi fuskar Mma, na dubi Rabi, na ce,

"Zuba ruwa, Rabi. Ana jiran mu."

Ta zuba. Tana zubawa tana kuka irin wanda ban ji ta yi ba ko da aka ce mata an yi rasuwar. Da aka zo naɗe likkafani ta kama lanƙwasassun yatsun nan ta riƙe, sai da tsohuwar ta janye ta. Daga ranar ba ta sake kawo tuwon Salla ba. Ku kuka ce ta yi butulci, har ɗayanku ya ƙi amsa gaisuwarta a kasuwa. Ba butulci ta yi ba. Kowace Juma'a tana aiko da sadaka masallacin unguwa, kuma ba da sunan Baba take bayarwa ba.

Ban ce ku tsani kakanku ba. Ya ciyar da ita da hannunsa, bai taɓa ɗaga mata murya ba, tsoro ne da kunya suka fi ƙarfinsa kamar yadda suka fi ƙarfin mazan lungun nan duka. Ban kuma ce ku fasa gilashin ba. Ku bar hoton inda yake. Amma ke Nafisa, tunda an ce kina taɓa zane, ki zo in zaunar da ke in kwatanta miki ita: gajeriya, siririya, mai wushirya, mai tsoron kyankyaso. Kada ki yi mata damatsa, kada ki ɗaga ƙafarta daga ƙasa, a ƙasa ta taka ta shiga. Kada kuma ki gyara mata yatsu.

A tarbiyyar da aka yi mana ɗiya ba ta kama sunan uwarta, ni ma tunda nake ban taɓa furta shi ba. Wannan ma ya taimaka wajen ɓatar da shi, don na lura a cikinku akwai waɗanda ba su san shi ba. Allah ya yafe mini, yau zan rubuta, domin in ƙawarki ta sake tambaya ki sami abin faɗa mata. Sunanta Hajara.